Tseren keke na dogaro da kai: Yadda ake shirya masa, da abin da zai tona game da hanyoyin Durun, Kabo da Gwarzo

Akwai wani nau'in tseren keke da ya bazu a duniya cikin shekaru ashirin da suka wuce, wanda ba a yin sa a filin wasa, ba a kuma rufe wa masu yin sa titi. Mahayi yakan ɗaura guzurinsa da shimfiɗarsa da kayan gyara a jikin kekensa, ya bi hanyar burji da turbar daji ta ɗaruruwa ko dubban kilomita, ba mota a bayansa, ba mai miƙa masa ruwa. Tun daga lokacin da aka tashi, agogo ba ya tsayawa sai ya isa. Sa'ar da ya yi yana barci, da wadda ya ɓata yana faci, da wadda ya yi yana neman abinci, duk a cikin lissafinsa suke.

A ido, wannan wasa ne na masu hali a ƙasashen Turawa. Amma wanda ya san karkarar yammacin Kano zai ga cewa rabin abin da ake koyarwa a matsayin dabarar wannan tsere, rayuwar yau da kullum ce ga manomi da ɗan kasuwar ƙauye a Durun da sauran mazaɓun Kabo da Gwarzo. Ɗaya rabin kuwa, wato hanya mai biyuwa da daren da ake ratsawa ba fargaba, ba abin da mahayi zai iya tanadar wa kansa ba ne. Aikin hukuma ne.

Inda abin ya samo asali

Uwar waɗannan gasanni ita ce Tour Divide, wadda ake farawa a garin Banff na Kanada a watan Yunin kowace shekara, a bi tsaunukan Rocky har zuwa Antelope Wells da ke kan iyakar Amurka da Meziko. Tsawon hanyar ya kai kimanin kilomita 4,400, kuma mafi yawanta ba kwalta. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a kuma ba wanda ya yi nasara ko sisin kwabo. A 2016 wani ɗan Birtaniya mai suna Mike Hall ya gama ta cikin kwana 13 da sa'a 22 da minti 51, wato yana cin fiye da kilomita 300 a kowace rana har tsawon mako biyu.

Daga nan salon ya yaɗu. A 2018 aka fara Silk Road Mountain Race a tsaunukan Kirgistan. A Fabrairun 2020 wanda ya shirya ta, Nelson Trees, ya kawo irinta Afirka da sunan Atlas Mountain Race a Maroko. An tashi daga Marrakesh, aka ƙetare tsaunukan Atlas zuwa gaɓar teku, tafiyar fiye da kilomita 1,100. Sofiane Sehili, ɗan Faransa wanda ya yi sana'ar kai saƙo a kan keke a birnin Paris, shi ya zo na ɗaya cikin ƙasa da kwana huɗu. A shekarar ce kuma aka fara Race Around Rwanda, mai tsawon kusan kilomita 1,000, wadda ke tashi daga Kigali ta zagaye ƙasar ta dawo.

Tsere ne da mata ke karawa da maza kafaɗa da kafaɗa, domin a tafiyar kwanaki juriya da tsari sun fi ƙarfin damtse tasiri. Ba'amurkiya Lael Wilcox ta doke kowa da kowa a tseren ƙetare Amurka na Trans Am a 2016, ita kuma Fiona Kolbinger, 'yar Jamus mai binciken cutar daji, ta lashe Transcontinental ta Turai a 2019.

Dokokin da suka bambanta shi

Dokokin kaɗan ne, amma masu tsauri. Ta farko, dole mahayi ya bi hanyar da aka shata daga farko har ƙarshe. Idan ya kauce don neman ruwa ko mai gyara, sai ya dawo daidai inda ya bar hanyar ya ci gaba. Ta biyu, ba ya karɓar taimakon da aka shirya masa shi kaɗai. Yana iya sayen abinci a shago ko ya kama ɗaki a masauki, domin wannan a buɗe yake ga kowane ɗan tsere, amma ba a yarda ɗan'uwansa ya tare shi a hanya da sabuwar taya ba. Ta uku, ba a fakewa a bayan wani mahayi don ya tare wa mutum iska.

Babu alƙalin wasa da ke bin kowa cikin daji. Abin da ke akwai shi ne wata 'yar na'ura da ake maƙala wa kowane keke, wadda ke aika inda yake ta tauraron ɗan'adam, sai ya bayyana a matsayin ɗigo a taswirar intanet. 'Yan kallo daga ko'ina a duniya sukan kwana suna bin waɗannan ɗigogi. A wasu gasannin akwai zangon bincike biyu ko uku inda ake buga wa mahayi hatimi a katinsa. Sauran kuwa amana ce. Wanda ya san ya karya doka, shi ake sa ran zai faɗa da bakinsa.

Shirin jiki

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ɗaukar abin a matsayin gwajin gudu. Masu horarwa sun fi ba da ƙarfi ga doguwar tafiya a natse, irin wadda mutum zai iya hira yana tuƙi, ana ƙara tsawonta sannu a hankali cikin watanni, tare da ware makon hutu bayan kowane 'yan makonni. Daga baya sai a shiga hawa kwana biyu ko uku a jere da cikakken kaya, domin jiki ya saba da tashi da gajiyar jiya. Tafiya sannu-sannu, in ji Bahaushe, kwana nesa.

Ba ƙafa ce ta fi fitar da mutane daga tsere ba. Wuraren da jiki ke haɗuwa da keke ne: mazaunai, tafin hannu da tafin ƙafa. Sirdin da bai dace ba yakan haifar da gyambo a rana ta uku. Dogon dannawa a kan hannun keke yakan kashe jijiyar da ke zuwa ƙaramin yatsa, har mutum ya kasa riƙe cokali na tsawon makonni. Wasu kuma tsokar wuyansu ce ke sarewa, su kasa ɗaga kai su ga hanya. Maganin duk wannan shi ne daidaita tsayin sirdi da nisan hannu tun da wuri, da tsabtar jiki, da gwada kowane kaya kafin ranar tsere. Ƙa'idar da kowa ya yarda da ita ita ce kada a sa sabon abu ranar tashi, ko da takalmi ne.

Ci da sha da zafin rana

Makamashin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta ba ya wuce na sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu idan ana aiki tuƙuru. Saboda haka ɗan tsere ba ya jiran yunwa. Masana abincin 'yan wasa sukan ba da shawarar giram 60 zuwa 90 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace sa'a. A Turai ana sayar da wannan cikin 'yan ledoji masu tsada. A kasuwannin karkarar Kano kuwa akwai dabino, da gurasa, da dakuwa, da alewa, da fura, ga ƙuli-ƙuli da gyaɗa da kilishi masu daɗewa ba su lalace ba. Teburin mai shayi da ke buɗe tun asuba ya cika sharaɗin doka, tunda kowa na iya zama a bencinsa.

Ruwa ne babbar magana. A cikin zafi mahayi na iya zubar da gumin da ya kai lita ɗaya ko fiye a sa'a guda, kuma gishirin jiki na fita tare da shi. Shan ruwa zalla da yawa ba tare da mayar da gishiri ba shi ma haɗari ne. Haɗin da ake koya wa iyaye mata a asibiti, wato ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, yana amfani a nan. Jiki kuma yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14 yana motsa jini cikin zafi kafin ya saba. Alamar da ba a wasa da ita ita ce ruɗewar hankali ko tangaɗi. Wanda ya kai nan ya daina tsere, inuwa da sanyaya jiki da likita yake buƙata.

Wannan ne ya sa lokacin shekara ke da muhimmanci a ƙasa irin ta Kabo da Gwarzo. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, rafuka su kawo, hanyar da ake bi jiya ta zama taɓo mai liƙe wa taya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka zuwa tsakiyar hunturu, daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, sai dai shi ma da nasa sharaɗin: ƙura mai shaƙe ƙirji, hazo mai rage gani, da sanyin asuba da ke buƙatar rigar sanyi da safar hannu.

Keke da kaya

Keken da ake wannan tsere da shi yana da faffaɗar taya, galibi mai faɗin inci biyu ko fiye, domin ta hau kan yashi da tsakuwa. Yana da giya mai sauƙi ta hawan tudu da kaya. Maimakon kariya da manyan jakunkuna, ana ɗaure 'yan siraran jakunkuna a ƙarƙashin sirdi, da cikin firam, da gaban hannu, don nauyi ya rarrabu. Abin da ake ɗauka bai wuce abin shimfiɗa mara nauyi, da rigar sanyi, da fitilu na gaba da na baya, da batirin caji, da famfo, da faci da sholisho, da 'yan sifanoni, da ɗan guntun sarƙa ba. Hular kwano dole ce. Wasu kan sa ƙaramin dinamo a cibiyar tayar gaba, wanda ke ba fitila wuta yana kuma cajin waya muddin keke na tafiya.

A yammacin Kano ba tsauni ne abokin gaba ba, domin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai 'yan tuddai da duwatsu jefi-jefi. Abokan gabar su ne yashin rafi da ke tilasta wa mutum sauka ya tura, da ƙaya. Tsidau da ƙayar bagaruwa da ta aduwa suna iya huda tayar keke sau da yawa a yini guda. 'Yan tsere na zamani sun koma taya marar tif, wadda ake zuba wa wani ruwan roba a ciki, da zarar ƙaya ta huda sai ya toshe ramin da kansa. Amma irin wannan taya da ruwanta ba a samun su a wurin mai facin ƙauye. Wanda ya zo da keken miliyoyi, idan wani ƙarfensa ya karye tsakanin Durun da Garo, tafiyarsa ta ƙare. Wanda ke kan keken da kowane makaniki ya sani, za a ɗaure masa shi ya wuce. A tseren dogaro da kai, keken da ake iya gyarawa a hanya ya fi keken da ya fi gudu.

Barci da haɗari

Tunda agogo ba ya tsayawa, kowa yana sha'awar rage barci. Sehili ya yi suna ne da ratsa darare kusan ba runtsawa. Amma rashin barci na rage saurin tunani kamar yadda maye ke yi, kuma 'yan tsere da dama sun ba da labarin ganin abubuwan da babu su a hanya. A 2023 ɗan Ostireliya Lachlan Morton ya bi hanyar Tour Divide da sharaɗin da ya ɗora wa kansa na hutun sa'a 12 a cikin kowace 48, ya kuma gama cikin kwana 12 da rabi. Ba a lissafa shi a matsayin tarihin gasar ba saboda masu ɗaukar hoto na biye da shi, amma ya nuna cewa mai barci yana iya fin marar barci sauri.

Haɗari mafi girma kuwa mota ce. Mike Hall da kansa ya rasu ranar 31 ga Maris, 2017, lokacin da mota ta buge shi kusa da Kanbera, yana dab da kammala wani tseren ƙetare Ostireliya, aka kuma dakatar da gasar nan take. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa mahaya da yawa suka fi son hanyar daji a kan kwalta. Duk wanda ya san yadda motocin haya da manyan motoci ke gudu a titin Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi zai gane hikimar hakan.

Abin da karkarar Kano ke da shi

Durun ɗaya ce daga mazaɓun ƙaramar hukumar Kabo, maƙwabciyar Gwarzo, wadda ke da nisan kimanin kilomita 70 yamma da birnin Kano, a kan iyaka da Jihar Katsina. Tsakanin garuruwan yankin akwai saƙar hanyoyin burji da turbobin gona da burtalin shanu. A taswira, ana iya zana zagayen da zai tashi daga Kano ya bi ta Rimin Gado, ya ratsa ƙauyukan Kabo, ya leƙa Gwarzo da Getso, ya gangara Karaye inda madatsar ruwa ta Challawa take tun 1992, ya dawo ta Kiru da Madobi, ba tare da ya daɗe a kan kwalta ba.

Mahayan ma akwai su. Keke ya daɗe a ƙasar Kano, har kamfanin Raleigh ya taɓa kafa masana'antar harhaɗa shi a birnin. Mai kai buhun hatsi kasuwa, da mai tallan yadi ƙauye-ƙauye, da mai ɗauko itace, sun san rabon nauyi a kan keke, da tashin asuba don guje wa rana, da faci a gindin bishiya. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024, mutane da yawa sun sake kakkaɓe kekunan da suka jingine.

Ruwanda ta nuna abin da ake iya yi da irin wannan jari. Da yawa daga 'yan tserenta na farko haya suke yi da keke ko dakon kaya kafin a gano su. Ƙasar ta raini gasar Tour du Rwanda har ta yi suna, kuma a Satumban 2025 Kigali ta karɓi baƙuncin gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a Afirka. Burkina Faso na gudanar da Tour du Faso tun 1987. A Najeriya kuwa, labarin keken da ya fi yawo a 2024 shi ne na Ese Ukpeseraye, wadda sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga wani rukunin tsere a gasar Olamfik ta Paris.

Abin da mahayi ba zai iya ɗaurawa a keke ba

Dukan tsarin wannan tsere ya ginu ne a kan zato guda: cewa mutum ɗaya, ba makami, ba rakiya, zai iya ratsa daji da dare, ya kwanta a gindin bishiya, ya tashi lafiya. Inda wannan zato ya rushe, babu horon da zai maye gurbinsa. Mamadou Safayou Barry, matashi ɗan Gini da ya hau keke a 2023 da nufin zuwa karatu Jami'ar Azhar, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,000 ta Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar har Cadi. Ƙafarsa ba ta gaza ba, amma sau uku jami'an tsaro suna tsare shi, kuma daga Cadi sai da aka haɗa masa kuɗin jirgi, ga yaƙi na ci a Sudan.

Yammacin Kano na fuskantar tata jarrabawar. Ƙananan hukumomin Katsina da ke ƙetaren iyaka sun shafe shekaru suna fama da 'yan bindiga, kuma a ƙarshen 2025 hare-hare da satar mutane sun shigo ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a cikin Jihar Kano. Mai shirya tsere da ya san ciwon kansa ba zai tura mahaya su kwana a daji a irin wannan hali ba. Abin da hankali zai ɗauka a yanzu shi ne tafiyar yini guda, daga asuba zuwa la'asar, nesa da iyaka, da sanin hakimai da dagatai da jami'an tsaro, a kwana a cikin gari. Amma abin lura shi ne, ɗan tsere yana da zaɓin fasawa. Manomin da gonarsa ke bakin wannan turba ba shi da shi.

Haka maganar hanya take. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi ginawa da kula da hanyoyin yankunansu, har ma ya ba su ikon bayar da lasisin keke da amalanke. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura musu kasonsu kai-tsaye daga asusun tarayya. Kano kuma tana cikin jihohin da ke shirin RAAMP na gyaran hanyoyin karkara, wanda Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa ke tallafawa. Saboda haka kwalbatin da ruwa ya cinye a hanyar ƙauye yana da wanda za a tambaya, da suna da ofis.

A nan ne keke ke iya zama kayan aikin ɗan ƙasa. Matasan arewa sun san tafiya don siyasa. A 2015 Suleiman Hashimu ya taka daga Legas zuwa Abuja don murnar nasarar Muhammadu Buhari, wasu da dama suka bi sahunsa. Irin wannan tattaki yabo yake kaiwa ga mai mulki. Tafiyar keke a hanyoyin karkara kuwa tana iya dawowa da shaida. Wayar da ke aljihun mahayi tana iya adana hanyar da ya bi mita bayan mita, da hoton kowace gada da ta karye, da rijiyar burtsatsen da ta daina aiki, da asibitin da ya tarar a kulle. Ƙungiyar matasa goma da za ta zagaye mazaɓun Kabo da Gwarzo a hunturu guda za ta iya fitar da taswirar da za a ajiye kusa da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma a gwada su.

Ga mai son farawa, matakan a bayyane suke: keke mai lafiyayyen birki da taya, hular kwano da fitila, tafiyar kilomita 30 zuwa 50 a ƙarshen mako ana ƙarawa a hankali, abokan tafiya biyu ko uku, da sanar da gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa. Wannan duk yana hannun mahayi. Ranar da za a iya sa ɗigon ɗan tsere a taswira, a gan shi ya ratsa Durun da ƙarfe biyun dare ya nufi Gwarzo shi kaɗai, iyalinsa kuma su yi barcinsu, ranar ce mai kai tumatir kasuwa da mai naƙudar da ake nema wa mota za su san cewa hanyar ta zama tasu.